Kafin Ka Ce Wa Ƙaninka "Yi Haƙuri"

Da yawa daga cikinmu a nan Kadpoly malamai ne, ko da yake babu wanda ya ba mu takardar ɗaukar aiki. Wani yana koyar da lesin da yamma don ya samu kuɗin mota da na handawut, wata tana riƙe da aji a Islamiyya ranakun Asabar da Lahadi, wani jagoran matasa ne a cocinsu, wani kuma shi ne kocin ƙungiyar ƙwallon layinsu. Wanda bai da ko ɗaya cikin waɗannan, to yana da ƙane ko ƙanwa a gida masu yi masa kallon wanda ya waye, tunda ya shiga babbar makaranta. Yaro ɗan shekara 14 zai ɓoye wa babansa maganar da zai faɗa wa yayansa a hanyar shago. Wannan darasi na masu irin wannan matsayi ne: yadda za ka koya wa matashi ya riƙe kansa in zuciyarsa ta yi nauyi. Zan riƙa kawo misali da Maƙera don can na fi sani, amma ɗan Rigasa ko Kawo ko Sabon Tasha zai ga unguwarsu a ciki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin kowane yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan matsaloli suna somawa ne kafin yaro ya wuce shekara 14. Lissafin duniya ne baki ɗaya, amma ka ɗora shi a kan ajin lesin mai yara 21 ka ga mutum nawa ke nan. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa a duk faɗin Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200. Ke nan mafi yawan yaran nan ba za su taɓa zama gaban likitan ƙwaƙwalwa ba. Gabanka za su zauna.

Yaron Maƙera na yau

Maƙera ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu, kuma kafaɗa da kafaɗa take da Kakuri, inda masaƙu suka taɓa ciyar da dubban gidaje. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002. UNTL, wadda ta fi kowace girma, ta tsaya a 2007. Tsofaffin ma'aikata da dama sun shafe shekaru suna bin kuɗinsu na sallama, wasu har suka rasu ba su gani ba. Yaron da yake da shekara 15 yau bai taɓa jin jiniyar canjin aiki ba, labarinta kawai yake ji. Abin da ya tarar shi ne kaka ko uba da ya taɓa zama mai albashi ya koma buga-buga, da uwa mai ƙirga kowace naira, da yayyen da suka gama makaranta suna zaune a majalisa. Ya kuma tarar da garin da rikicin 2000 da na 2002 suka sa mutane suka yi ta sauya unguwa bisa addini, iyaye suna riƙe da tsoron da ba su faɗa wa 'ya'yansu da baki, sai dai ta hanyar "kada in ji ka tsallaka can". Daga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, kuɗin Keke ma ya zama abin da ake faɗa a kai a gida.

Ba ina cewa kowane yaro a unguwar yana cikin ƙunci ba ne. Akwai raha, akwai zumunci, akwai maƙwabtan da za su ciyar da ɗan wani ba tare da an roƙe su ba. Abin da nake so a gane shi ne duk matashi yana da hanyar da yake bi ya sauke nauyin zuciyarsa, ko an koya masa ko ba a koya masa ba. Wani ƙwallo, wani barci, wani faɗa, wata TikTok har ƙarfe biyun dare, wani kwalba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. A watan Mayun shekarar ne gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan rahoton BBC. An hana kwalbar, amma abin da ke kai yaro ga kwalbar yana nan. In ka ƙwace wa mutum sandar da yake dogarawa, ko da ruɓaɓɓiya ce, ba ka ba shi wata ba, zai nemo wata ruɓaɓɓiyar.

'Yan injiniya za su fi saurin gane abin da ke faruwa a kan matashi. Sassan ƙwaƙwalwar da ke kula da tsoro da fushi da sha'awa suna yin ƙarfi da wuri, tun farkon balaga. Ɓangaren gaba kuwa, wanda ke bayan goshi, mai auna sakamako da tsayar da mutum, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Mota ce mai totur sabo fil da birkin da ake kan ɗaurawa. Shi ya sa yaro zai yi abu, ka tambaye shi dalili ya ce bai sani ba, kuma gaskiya ya faɗa. Mu kanmu da muke ND da HND, da yawanmu birkin bai gama kamawa ba, a tambayi masu gadin hostal.

Mu kuma abin da muka gada na magani kalma biyu ce: yi haƙuri. Haƙuri abu ne mai daraja, babu mai musu. Amma "yi haƙuri" umarni ne, bai ƙunshi bayanin yadda ake yi ba. Kamar ka ce wa wanda bai taɓa shiga ruwa ba "yi iyo". Ga kuma karin maganar da ke cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, wadda aka yi ta don riƙe sirri, amma yara suka fahimce ta a matsayin haɗiye komai. Abin da aka haɗiye kuwa yana fitowa ta wata ƙofa: ciwon kai, ciwon ciki, rashin barci, dukan ƙane, faɗuwa jarrabawa.

A fara da sa wa abu suna

Ka tambayi matashi yaya yake, amsa ɗaya ce: lafiya lau. In ka matsa, ya ce "ba komai", ko "raina ne a ɓace". Alhali Hausa ba ta rasa kalmomi ba. Akwai haushi, akwai takaici, akwai baƙin ciki, fargaba, zullumi, kunya, kewa, ƙyashi, nadama. Kowace da inda ta dosa. Fargaba tana kallon abin da bai zo ba tukuna. Baƙin ciki yana kallon abin da aka rasa. Takaici shi ne a cuce ka ko abu ya kuɓuce maka, ga shi ba yadda za ka yi. Kunya kuwa tana cewa mutane sun ga aibinka. Tunda cututtukan daban, maganinsu ma daban: mai fargabar jarrabawa yana bukatar shiri da kwantar da jiki, wanda ya rasa aboki yana bukatar a bar shi ya yi kuka a zauna kusa da shi. In duka aka kira su "ɓacin rai", sai a ba su magani ɗaya, wato tsawa.

Akwai bincike a kan wannan. A 2007 Matthew Lieberman da abokan aikinsa a wata jami'a da ke Los Angeles a Amurka sun duba ƙwaƙwalwar mutane da na'ura yayin da ake nuna musu hotunan fuskoki masu fushi ko tsoro. Da aka sa su faɗi sunan yanayin da suke gani, sai aikin amigdala ya ragu, wato ɗan sashen nan da ke kaɗa ƙararrawar haɗari. Faɗin sunan abu da kansa yana rage masa kaifi.

Yadda za ka koyar da shi ba sai ka kira taro ba. Kada ma ka fara da yaron kansa, fara da wani. Kun dawo daga gidan kallon ƙwallo an ci kulob ɗinsa a minti na 90, sai ka ce, "Wannan mai tsaron gidan, me kake gani yake ji yanzu, kunya ko takaici?" Kuna kallon fim da ƙanwarka, ki tsayar ki tambaye ta me ke zuciyar wadda aka yi wa kishiya. Yaro yana sakin baki a kan zuciyar wani. Bayan kwana biyu sai a juyo gida, a ƙara tambaya biyu: a ina kake jin sa a jikinka, kuma daga 0 zuwa 10 ya kai nawa? Lambar nan tana da amfani ƙwarai. Yarinyar da ba za ta iya cewa "Yaya, ina cikin damuwa" ba, za ta iya cewa "yau ina 8". Kuma in ta ga jiya 8 yau 5, ta koyi babban darasi da kanta, cewa yanayin zuciya yana hawa yana sauka, ba zama yake yi daram ba.

Jiki kafin magana

Idan lamba ta kai 8 ko 9, nasiha ba ta shiga. Jiki ya riga ya saki sinadarin adirenalin, zuciya tana bugawa da sauri, numfashi ya koma sama-sama, tafin hannu yana gumi. A wannan hali sai an fara da jikin. Abu mafi sauƙi shi ne numfashi a hankali: ya ɗora hannu a ciki, ya ja iska ta hanci yana ƙirga huɗu har cikin ya taso, ya sake ta ta baki yana ƙirga shida, kamar mai hura koko mai zafi. Minti biyu zuwa uku. Dalilin da ya sa fitarwa ta fi tsawo shi ne duk lokacin da mutum ke fitar da numfashi, jijiyar da ke sassauta bugun zuciya tana ƙara aiki. Wanda ya ji jiri, ya yi sauri ne ko ya ja da yawa, ya rage.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a koyar da wannan a tsakiyar rikici. Ba a koyon tuƙi ranar da birki ya tsinke. A riƙa gwadawa lokacin da hankali ke kwance, kafin barci ko kafin a fara lesin, har jiki ya saba, sannan ranar jarrabawa ya zo da kansa.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Musulmi sun san koyarwar Manzon Allah (SAW) ga wanda ya yi fushi, cewa in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta, an kuma ruwaito yin alwala. Duk jiki ake sauya wa hali don zuciya ta biyo baya. 'Yan uwa Kirista sun san labarin Annabi Iliya lokacin da ya gaji har ya roƙi mutuwa, aka fara da barinsa ya yi barci aka ba shi abinci da ruwa kafin wata magana. Ina kawo waɗannan ne don akwai iyayen da za su ce wannan koyarwar Turawa ce, ko su ce mai imani ba ya damuwa. Annabi Yaƙub ya yi kukan ɗansa har idanunsa suka yi fari, kuma akwai shekarar da tarihin Musulunci ke kira shekarar baƙin ciki. Addu'a da dabara ba kishiyoyi ba ne.

Kwando biyu

Nan ne zuciyar darasin. A 1984 masana biyu, Richard Lazarus da Susan Folkman, sun raba hanyoyin jure damuwa gida biyu: waɗanda ke tunkarar matsalar kanta, da waɗanda ke lallashin zuciyar mai matsalar. Babu wanda ya fi wani a ko da yaushe. Gwaninta ita ce sanin wanne ya dace da wane hali. Matasa sukan juya su: abin da za su iya gyarawa su guje masa su shige waya, abin da ba su da iko a kai su kwana suna saƙa da warwara.

A ce ƙaninka ya duba sakamakon JAMB ya ga 168, ya shige ɗaki kwana uku ba ya cin abinci sosai. Kada ka fara da "ai na faɗa maka ka rage ƙwallo". Kada kuma ka fara da "ba komai, Allah ya sa haka ya fi alheri", duk da addu'a ce mai kyau, don a kunnensa tana nufin a rufe maganar. Ka zauna ka ce, "Na ga abin ya taɓa ka. Me ya fi yi maka ciwo a ciki?" Sannan ka yi shiru. Shirun zai yi maka tsawo, ka daure. Sau da yawa amsar ba ita ce wadda ka zata ba. Zai iya cewa, "Yaya, ba makin ba ne, kuɗin da Mama ta ranta ta biya min ne."

To yanzu ku ɗauki takarda ku ja layi a tsakiya. Gefe ɗaya abin da ke hannunsa, ɗaya gefen abin da ba ya hannunsa. Makin da ya riga ya fito ba ya hannunsa. Abin da 'yan layi za su faɗa ba ya hannunsa. Amma binciken makarantu da kwasa-kwasan da ke karɓar irin makinsa yana hannunsa, haka canza zaɓi, haka shirin baɗi, haka zama da Mama ya faɗa mata abin da ke ransa. Abubuwan gefe na biyu, numfashi da addu'a da hira da lokaci ne maganinsu. Na gefen farko kuwa, a zaɓi guda ɗaya tak, mafi ƙanƙanta, a bar shi ya kawo hanyoyi da bakinsa ko da wasu shirme ne, ya zaɓi ɗaya, a sa rana da lokaci. "Zan yi ƙoƙari" ba shiri ba ne. "Ranar Talata bayan azahar zan je kafe in duba" shi ne shiri. Ranar Laraba ka tambaye shi yadda aka yi. In bai je ba, kada ka yi faɗa, ka tambayi abin da ya tare shi, ku rage girman matakin.

Jarabar da ke kama mu yayye ita ce mu warware musu komai, don mun fi su sanin hanya kuma muna sauri. In ka yi haka ka magance matsalar yau, amma bai koyi komai ba sai cewa in abu ya taso a nemo Yaya. Ran da kake bautar ƙasa a Ebonyi fa?

A cikin hirar za ka ji wasu kalmomi suna maimaituwa: kullum, kowa, ba zan taɓa ba. "Ni daƙiƙi ne." "Kowa ya ci sai ni." Kada ka ƙaryata shi kai tsaye, zai ƙara riƙewa. Ka tambaye shi hujja kamar yadda lakcara ke tambayarmu ranar kare firojet. Kowa ya ci? A jarrabawar 2025, daga cikin mutum wajen miliyan 1.9 da suka zauna, mafi yawansu ba su kai maki 200 ba. Sai ka ƙara da tambayar da na ga ta fi kowace aiki: "Da abokinka ne ya samu wannan makin, me za ka ce masa?" Ba zai ce wa abokinsa daƙiƙi ba. Daga nan zai ji da kunnensa cewa yana yi wa kansa hukuncin da ba zai yi wa kowa ba.

Sai abu biyu da ba sa bukatar dogon bayani. Mai ƙunci yakan janye daga abubuwan da yake so yana jiran sai ya ji daɗi ya koma, alhali komawar ce ke kawo jin daɗin. A ja shi fili ko da minti 20 ne, a aike ta gidan ƙawarta, a ba shi aikin da zai ga ƙarshensa. Barci kuma, masu shekara 13 zuwa 18 suna bukatar awa 8 zuwa 10. Yaron da ke hira a waya har ƙarfe ɗaya ya tashi asuba ya tafi makaranta, rabin abin da ake kira rashin kunyarsa gajiya ce. Amma kada ka ƙwace wayarsa kana riƙe da taka.

Wa ya isa ya koyar?

Wani zai ce wannan aikin masana ne. Abin da aka gwada a nahiyarmu ya nuna ba dole ba. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibitocin unguwa a Harare suna sauraron masu damuwa, suna bi da su matakan warware matsala a zama shida, kuma sakamakon da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba. A Kenya, shirin Shamiri da Tom Osborn ya kafa yana amfani da matasan da ba su daɗe da gama sakandare ba, wato sa'o'inmu, suna jagorantar ƙananan rukunoni awa ɗaya a mako har mako huɗu. Gwajin da aka wallafa a 2021 ya nuna alamun damuwa da fargaba sun ragu, kuma ragin ya kai wata bakwai. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suna da nasu tsarin mai suna EASE don yara masu shekara 10 zuwa 15: zama bakwai da yara, zama uku da iyayensu, kuma wanda ba likita ba zai iya gudanarwa in an horar da shi ana kuma duba aikinsa.

Sharaɗin nan na ƙarshe kada a tsallake shi. Kuma ba kowane shiri ke aiki ba. A Birtaniya an gwada koyar da dabarar natsuwa ga ɗalibai sama da 8,000 a makarantu 84, sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna bai fi darasin da aka saba ba, kuma da yawan yaran ba su ko gwada shi a gida ba. Abin da na ɗauka daga nan shi ne duk abin da aka mayar darasin allo, a tara yara 60 a yi musu lacca, ya mutu. Rukuni ƙarami, mutum shida zuwa goma, maza daban mata daban in hakan zai sa su saki jiki, da izinin iyaye, a wuri buɗaɗɗe. A ganina ƙungiyar ɗalibai za ta iya neman ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa su horar da masu sa kai daga cikinmu su riƙa bibiyarsu. Kuɗin bai kai na daren rawa ɗaya a makon ɗalibai ba.

Inda dabara ta ƙare

Dabarun nan ba don yaro ya jure zalunci aka yi su ba. Yarinyar da wani babba ke taɓawa, ko wanda ake yi wa dukan da ke barin tabo, ko wadda ake yi wa barazana da hotunanta a waya, ba numfashi take bukata ba, a raba ta da abin take bukata. In ta faɗa miki, ki yarda da ita, kada ki tambaye ta me ya kai ta. Jihar Kaduna tana da dokar kare yara tun 2018, kuma akwai Cibiyar Salama a Babban Asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri don waɗanda aka ci zarafinsu. Gaggawa tana da muhimmanci, don wasu magungunan kariya suna aiki ne kawai in an fara su cikin awa 72.

Akwai kuma alamun da ke nuna abin ya wuce hannun yaya. Ƙunci ko janyewa daga mutane da ya kai mako biyu ba sauƙi. Daina cin abinci ko barci. Yanka ko ƙona jiki. Jin muryoyin da babu su, ko zargin ana bin sa. Shan ƙwayar da ya kasa bari. Maganganu irin "gara ma in huta" ko "kun kusa daina ganina", ko rabar da kayan da yake ji da su. In ka ji irin wannan, ka tambaye shi kai tsaye cikin natsuwa ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi, bincike ya tabbatar da haka, wanda yake da shi kuma sau da yawa sauƙi yake ji an tambaya. In ya ce e, kada ka yi wa'azin wuta, kada ka bar shi shi kaɗai, ka kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, ka sanar da babban da ka amince da shi a ranar. Tun farko ma kada ka yi alkawarin rufe kowane sirri. Ka ce, "Maganarka tana wurina, sai dai in ranka na cikin haɗari, nan kam zan nemo mana taimako, kuma zan faɗa maka kafin in yi."

Mutanen Maƙera sun fi wasu sa'a ta wannan fanni, don Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya yana nan Barnawa, tafiyar Keke ce. Matsalar ita ce sunan. Da ka ce Barnawa, uwa za ta ce ɗanta ba mahaukaci ba ne, wani kawu kuma ya kawo shawarar gidan mari. A tuna wa kawun abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa a Satumban 2019, inda aka fito da mutum sama da 300 daga wani gida, da yawansu yara, wasu da sarƙa a ƙafa. Dokar ƙasa ma ta sauya: a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta kuma ba mara lafiya haƙƙin a kula da shi da mutunci.

Wajen shawo kan iyaye, kada ka shiga da kalmar "taɓin hankali", kuma kada ka shiga kai kaɗai in kana ganin za a raina maganarka. Nemi wanda suke jin nauyinsa, goggo ko limamin layi ko fasto ko malamin makarantar yaron. Ka faɗi abin da ido ya gani: "Baba, yau kwana 20 ba ya barci, ya rame, ya daina zuwa makaranta. Ina roƙon a bar ni in kai shi likita ya duba shi." In Barnawa ta yi musu nauyi a karon farko, a fara da babban asibiti ko asibitin unguwa, likitan can zai rubuta takardar turawa in ya ga da bukata. Ka tafi da takardar da ka rubuta ranar da abin ya fara, da yadda barcinsa da cin abincinsa suke, da duk maganin da aka ba shi har na gargajiya, don yaron da kansa zai iya yin shiru a gaban likita.